Inda Dalma Ke Zama

Kilo shida suka ba ni,
dalma shida, kowace kamar gudan sabulu.
Na jera su a ɗamara, na ɗaure ƙugu,
na goya tulun iska kamar mai goyon ɗan wani.
Tafkin Gidimuni da hantsi,
dabino na leƙen kansa a ruwa.
Sajan Laminu ya ɗaga yatsa. Na sauka.

Sai ƙafafuna suka riga ni.
Na tsaya tsaye a cikin ruwa
kamar akuya mai miƙa wuya ga ganyen gawo,
ina shure-shure, taɓo na tashi,
ruwan ya koma kunun kanwa.
Ko tafin hannuna ban gani ba.
Iskar awa guda, na shanye ta kafin shayi ya tafasa.

Washegari na turo su gaba, kan cibiya.
Na kife.
Hanci a laka, dugadugai na gaida rana,
kaza mai tsattsagar tsaba.
Laminu ya yi dariya har kumfa ta rufe masa fuska.

Ran Alhamis na kai rigar Birni
wurin Hambali baduku, ɗinkin kafaɗa ya kwance.
Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.
Ya ɗaga ta, ya auna a hannu,
ya dubi fuskata, ya ce mene ne.
Na faɗa.
Ya ce, "Ubana da jaki ya yi fataucin kanwa.
Bai taɓa tambayar mangala nauyinta ba,
sai dai: ina kika zauna?
In ta zame baya, jaki ya zauna maka a hanya.
In ta hau wuya, ya ci ƙasa."
Ya sa ni na kwanta rub da ciki, gicciye bisa benci,
da riga, da tulu, da komai,
ya ce in saki jiki
ya ga ta inda zan zube.
Yara suka taru. Na ji kunya.

Aljihu biyu ya ɗinka
can sama, bayan kafaɗu, dama da hagun tulu,
jar fata, basilla, zare mai kakin zuma.
Laminu ya ce fata za ta ruɓe. To, ta ruɓe.
Ɗaya nan, ɗaya nan, huɗu a ƙugu.
Na ƙugun kuwa, in ji shi, kar a ɗinke bakinsu:
ranar da ruwa ya ƙi ka
su za ka yar ka tsira.

Na koma.
Na saki iskar riga kaɗan-kaɗan,
na tsaya cik, ina jiran faɗuwa.
Hagu ta ɗan rinjaya,
fitila da wuƙa na can.
Na fito, na matsar da guda ɗaya faɗin yatsu uku.
Uku kacal.

Sai ruwa ya shimfiɗa ni kamar tabarma.
In ja numfashi, in hau taƙi guda,
in sake shi, in sauka taƙi guda,
ƙafafu a bayana, ba su taɓa komai.
Taɓo ya yi barcinsa.
Karon farko na ga ƙasan tafki:
buta marar hannu, saiwar bado,
ƙugiyar wani masunci da tsatsa ta cinye,
da wata tarwaɗa mai gashin baki irin na tsohon soja.
Ta dube ni, ba ta gudu ba.

Damina na tafe, tafkunan cikin gari za su cika.
Waya za ta yi ƙara a bariki da la'asar,
a ce wani ya shiga bai fito ba.
Ina so ran nan in iya gani.

Kilo shida ne har yanzu.
Na je biyan Hambali, ya karɓi dala ɗari,
ya ce in na sake sauka
in dubo masa ko da gaske ne
kifi na barci ido buɗe.